TANKOKIN WUCIN GADI: Tarihi da Ƙirar Ƙananan Tankokin Yaƙi na Jamus, 1918 zuwa 1945



Gabatarwa

Duk wanda aka ambata wa tankokin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne ƙattin nan irin su Tiger da Panther, waɗanda majigi da hotuna suka yayata. Amma Tiger ba ta shiga fagen fama ba sai can cikin 1942, Panther kuwa sai a watan Yuli na 1943, lokacin da nasara ta riga ta fara juya wa Jamus baya. Tankokin da suka murƙushe Polan a 1939, suka kuma durƙusar da Faransa cikin mako shida a 1940, akasarinsu ƙanana ne, masu siririn sulke da raunin bindiga. Waɗansunsu ma domin koyar da kurata aka ƙera su tun asali.

Saboda haka tambayoyi uku nake so mu duba. Me ya sa ƙasa mai ƙarfin masana'antu kamar Jamus ta shiga babban yaƙi da irin waɗannan motoci? Yaya aka yi suka ci nasara a kan waɗanda suka fi su? Kuma me ya kawo ƙarshensu? Ina ganin a cikin amsoshin akwai abin lura ga duk wanda zai riƙi amanar tsara aiki da kashe dukiyar jama'a.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san cewa kowace tanka a kan abu uku take tsaye, kamar tukunya a kan duwatsun murhu: sulke, da bindiga, da gudu. In aka ƙara kaurin sulke nauyi ya ƙaru, gudu ya ragu. In aka ɗora babbar igwa, dole a faɗaɗa ɗakin bindiga mai juyawa da ke bisa tankar, wanda zan riƙa kira ƙubba, sa'an nan a nemi babban inji. Wanda ya san bambancin ɗan lifidi da barde mai ɗan sauƙin kaya a yaƙin dawaki na da, ya riga ya fahimci rabin maganar. Kalmar Panzer ita kanta, a Jamusanci, ma'anarta sulke.

Takunkumin Bersai

Ingila ce ta fara fito da tanka a fagen yaƙi, ran 15 ga Satumba 1916, a gumurzun kogin Som. Jamus ta yi sakaci da wannan sabon makami, har Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare ba ta ƙera fiye da 20 ba na samfurin da ake kira A7V. A 1918 wani injiniya, Joseph Vollmer, ya zana ƙaramar tanka mai suna LK II, amma yaƙi ya ƙare kafin ta taka fage. Daga baya aka sayar wa ƙasar Suwidin kayan haɗa guda 10 a asirce.

Yarjejeniyar Bersai ta 28 ga Yuni 1919 ta ƙayyade sojan ƙasa na Jamus ga mutum 100,000, sashe na 171 kuma ya haramta mata ƙera tanka ko sayo ta. Hafsoshin Jamus suka bi ta bayan gida. A wajen atisaye sai su lulluɓe ƙananan motoci, har ma da kekuna, da katako da zane, su ce ga tankoki nan. Suka kuma ƙulla yarjejeniyar sirri da Tarayyar Sobiyet, aka buɗe makarantar gwaji da ake kira Kama kusa da birnin Kazan, wadda ta yi aiki daga 1929 zuwa 1933. Motocin da aka gwada a can, a takardun hukuma sunansu babbar tarakta da ƙaramar tarakta.

Wannan hani ya haifar da abu biyu. Na farko, ya bar masana'antun Jamus ba su da gwaninta wajen ƙera tanka da yawa. Na biyu, da yake babu tsofaffin tankoki da za a ɗaure tunani a kansu, sai hafsoshi irin su Oswald Lutz da Heinz Guderian suka sami sararin yin tunani a kan yadda za a yi amfani da makamin tun kafin a mallake shi. Guderian, wanda ya yi aiki a sashen sadarwa a yaƙin farko, ya nace a kan cewa a tara tankoki wuri guda cikin runduna mai zaman kanta, tare da dakaru a motoci, da igwa, da injiniyoyin gada, kuma kowace tanka ta kasance da rediyo.

Panzer I

Shirin hafsoshin shi ne a dogara ga matsakaitan tankoki iri biyu, waɗanda daga baya aka sani da Panzer III da Panzer IV. To, amma an san za a ɗauki shekaru kafin su fito, ga shi kuwa ana bukatar abin da za a horar da matuƙa da shi, a kuma koya wa masana'antu aikin. Sai aka ba kamfanin Krupp kwangilar wata 'yar ƙaramar mota, wadda aka ɗauki salon ƙafafunta daga ƙaramar tankar Ingila ta Carden-Loyd. Aka laƙaba mata sunan taraktar noma domin ɓad da sawu, aka fara ƙera ta da yawa a 1934.

Samfurin farko nauyinsa tan 5.4 ne. Mutum biyu ne a ciki: matuƙi, da kwamanda wanda shi ne kuma maharbi. Makaminta bindiga mai ruwa guda biyu, masu harsashin milimita 7.92, watau irin harsashin bindigar soja. Sulkenta bai wuce milimita 13 ba, abin da zai iya tare harsashin bindigar hannu kurum. Injinta na Krupp, mai sanyaya kansa da iska, ƙarfinsa bai haura na doki 60 ba, kuma yakan yi zafi. Domin gyara wannan aibi aka fito da samfuri na biyu, aka tsawaita jikin, aka ƙara ƙafa ɗaya a kowane gefe, aka sa injin Maybach mai ƙarfin doki 100, gudunta ya kai kilomita 40 a awa. Zuwa 1937 an ƙera kusan 1,500. Da su aka kafa rundunonin tankoki uku na farko ran 15 ga Oktoba 1935.

Yaƙin basasar Sifen, 1936 zuwa 1939, shi ya fara tona asirinta. Jamus ta aika wa Janar Franco fiye da 100, ƙarƙashin kulawar Wilhelm von Thoma. A can suka gamu da tankar Sobiyet T-26, mai igwa ta milimita 45, wadda ke iya fasa Panzer I daga nesa, alhali harsashin Panzer I ba ya yi mata komai sai an matso kusa ƙwarai. Abin ya kai ga ɓangaren Franco ya sa lada ga duk wanda ya kamo T-26 da lafiyarta. Haka kuma a watan Maris na 1938, da aka tura tankoki su shiga Ostiriya, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba, kusan sulusinsu suka lalace a kan hanyar Biyana. Wannan abin kunya ya sa aka gyara tsarin makanikai da na jigilar mai da kayan gyara, gyaran da ya yi musu rana daga baya.

Panzer II

Tun a 1934 aka gane cewa matsakaitan tankokin za su makara, sai aka sake ba da odar wata ta wucin gadi, ita ma da sunan tarakta. Kamfanin MAN ne ya tsara gindinta, Daimler-Benz ya tsara samanta. Nauyinta kimanin tan 9, injinta Maybach mai ƙarfin doki 140, gudunta kilomita 40 a awa. A samfurin da ya fi yawa akwai ƙafafu biyar a kowane gefe, kowace da nata sifirin. Makaminta 'yar igwa ta milimita 20, mai aman harsashi a jere daga gidan harsashi mai cin guda 10, da bindiga mai ruwa ɗaya. Mutum uku ne ke cikinta: matuƙi, da kwamanda mai harbi, da mai ɗura harsashi wanda shi ne kuma mai kula da rediyo.

Sulkenta na farko milimita 14.5 ne. Bayan yaƙin Polan aka riƙa liƙa mata ƙarin faranti na milimita 20 a gaba, samfurin 1941 kuwa ya fito da sulken gaba na milimita 30 zuwa 35. Igwarta tana da amfani a kan dakaru da motoci da masu sarrafa bindigogin kakkaɓo tanka, amma a kan tanka mai kaurin sulke sai dai ta yi ƙwanƙwasa.

Ganimar ƙasar Cek

A watan Maris na 1939 Jamus ta mamaye yankin Cek na ƙasar da a lokacin ake kira Cekoslobakiya, ta gaji masana'antun makamai na Škoda da ČKD. Ta ƙwace fiye da tanka 200 na samfurin Škoda, ta sa musu suna Panzer 35(t), harafin t yana nufin ta Cek ce. Ta kuma tarar da ČKD na dab da fito da sabon samfuri, wanda ya zama Panzer 38(t). Wannan ita ce mafi nagarta a duk ƙananan tankokin da Jamus ta yi yaƙi da su. Nauyinta bai kai tan 10 ba, tana da manyan ƙafafu huɗu a kowane gefe, ba ta cika lalacewa ba, ga igwa ta milimita 37, daidai da ta Panzer III ta wancan lokaci. Jamusawa suka rage harsashin da take ɗauka domin su cusa mutum na huɗu mai ɗura igwa. An ƙera kimanin 1,400 tsakanin 1939 da 1942. Aibinta shi ne da ƙusoshi aka haɗa farantan sulkenta, maimakon walda, in harsashi ya doke ta sai ƙusoshin su tsinke su yi ta yawo a ciki.

Polan da Faransa

Hitila bai jira shirin hafsoshinsa ya kammala ba. Ran 1 ga Satumba 1939, daga cikin tankoki kimanin 2,700 da aka tura Polan, Panzer III ba su kai 100 ba, Panzer IV kimanin 200 ne. Sauran duk ƙanana ne. An ci ƙasar cikin mako biyar, amma bindigar kakkaɓo tanka ta sojan Polan, wadda mutum ɗaya ke ɗauka, tana huda sulkensu. Da Runduna ta 4 ta kutsa unguwannin Warso ran 8 da 9 ga Satumba, sai aka kora ta da asara mai yawa. Fiye da tanka 200 suka lalace har abada a wannan yaƙi.

A watan Mayu na 1940 lissafin da aka fi ambata shi ne: Panzer I guda 523, Panzer II guda 955, na Cek guda 334, Panzer III guda 349, Panzer IV guda 278, ban da motocin kwamandoji. Watau kusan kashi uku cikin huɗu ƙanana ne. Faransa da Ingila sun fi su yawan tankoki, sun kuma fi su kaurin sulke. Char B1 ta Faransa sulkenta milimita 60 ne, ga igwa biyu. Matilda ta Ingila sulkenta ya kai milimita 78. Da Ingilishi suka kai farmaki a Aras ran 21 ga Mayu, sai da Rommel ya juya igwogin harbo jirgin sama na milimita 88 a kansu kafin ya tsayar da su.

To, me ya kawo nasarar? Abu uku ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya shafi kaurin ƙarfe.

Na farko, tarawa. Faransa ta rarraba yawancin tankokinta rukuni-rukuni domin su riƙa rakiyar sojan ƙasa. Jamus ta tara nata a runduna 10, ta tura 7 ta dajin Arden, inda ba a zata ba. Suka ƙetare kogin Mos a Sedan ran 13 ga Mayu, suka isa bakin teku kusa da Abebil ran 20 ga wata, suka datse manyan rundunonin ƙawance a arewa. A inda aka yi karo, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ko da kuwa a ƙasar baki ɗaya ba shi ne mai yawan ba.

Na biyu, rediyo. Ko Panzer I tana da na'urar karɓar umarni, motocin kwamandoji kuma suna da ta aikawa. Yawancin ƙananan tankokin Faransa da tuta suke magana, cikin ƙura da hayaƙi. Saboda haka Jamusawa na iya sauya shiri cikin mintoci, su kewaye babbar tanka, su harbe ta daga gefe, ko su kira igwa da jiragen sama, ko kuma su wuce ta kawai su bar ta man ta ya ƙare.

Na uku, horo. Shekaru biyar aka yi ana koyon aiki a kan Panzer I, matuƙa da makanikai da hafsoshi. Ko motocin katako na atisaye ba su tafi a banza ba.

A nan akwai wani abu da ya wajaba mu tuna, kada sha'awar ƙarfe ta rufe mana ido. Cikin waɗanda suka tsaya gaban waɗannan tankoki akwai dubban sojoji baƙar fata da Faransa ta kwaso daga ƙasashen Afirka da take mulki. Ran 7 ga Yuni 1940, a garin Airaines, sojojin Runduna ta 7 ta Rommel, wadda da yawa daga cikin tankokinta 38(t) ne, suka harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, haifaffen Gabon, bayan ya miƙa wuya, domin ya ƙi yarda a raba shi da takwarorinsa hafsoshi farare. Ran 20 ga Yuni, a Chasselay, aka ware fursunoni baƙar fata aka karkashe su da bindigogin tankoki. Makamin yana hidima ne ga wata aƙida mai rarraba 'yan Adam daraja-daraja, kuma mu tana ajiye mu ne a can ƙasa.

Rasha, da ƙarshen zamaninsu

Nasarar Faransa ta ruɗi shugabannin Jamus. Maimakon a gaggauta sauya kayan aiki, sai Hitila ya ninka yawan rundunonin tankoki zuwa kimanin 20 ta hanyar rage rabon kowace. A farkon 1941 aka aika waɗansu Panzer I da II Libiya tare da Rommel, inda ƙura ta riƙa cinye injuna. Ran 22 ga Yuni 1941 aka auka wa Tarayyar Sobiyet da tankoki fiye da 3,000, kimanin rabinsu har yanzu ƙanana ne, bayansu kuma ga dawaki wajen 600,000 suna jan igwa da abinci.

A can suka ci karo da T-34, mai igwa ta milimita 76, da sulken milimita 45 wanda aka karkata domin harsashi ya zame, da injin dizal mai ƙarfin doki 500. Faɗin sarƙarta rabin mita ne ko fiye, ta Panzer II da 38(t) kuwa kimanin santimita 30, saboda haka in ruwan kaka ya mai da hanya taɓo, sai wannan ta wuce waɗancan su kafe. Da hunturu ya shigo, na'urar iska da ke sarrafa giya da birkin 35(t) ta daskare, aka janye su daga fage. Otto Carius, wanda ya fara aiki yana mai ɗura igwa a 38(t), ya ba da labarin yadda aka harbi tankarsu a watan Yuli na 1941, gutsattsarin sulkensu da ƙusoshinsa suka fi harsashin kansa yi musu ɓarna, mai rediyonsu ya rasa hannu.

Ba a iya ceto su da gyara ba, domin da'irar da ƙubbarsu ke juyawa a kai ta yi ƙanƙanta ga babbar igwa. A 1942 aka daina ƙera 38(t) da Panzer II ta asali. Ƙoƙari na ƙarshe shi ne Luchs, sunan wata kyanwar daji, tankar leƙen abokan gaba mai mutum huɗu da gudun kilomita 60 a awa, amma 100 kacal aka ƙera tsakanin 1943 da 1944.

Sai dai gindinsu, watau inji da ƙafafu da sarƙa, ya sami sabon aiki. Aka riƙa cire ƙubba ana kafa babbar igwa wadda ba ta juyawa sai kaɗan. A kan Panzer I aka ɗora igwar Cek ta milimita 47. A kan Panzer II aka yi Marder II mai igwar milimita 75, da Wespe, watau rina, mai igwar milimita 105, wadda aka ƙera 676. Daga 38(t) aka fitar da Marder III, sa'an nan Jagdpanzer 38, wadda aka fi sani da Hetzer, mai karkataccen sulken milimita 60, aka ƙera kimanin 2,800 daga 1944 zuwa 1945. Sojan Suwizalan sun yi amfani da irinta har farkon shekarun 1970. Duk da haka dabarar ba ta cike giɓin ba, gama Tarayyar Sobiyet ta ƙera T-34 fiye da 50,000, Amurka kuma ta ƙera Sherman kimanin 49,000.

Kammalawa

Jama'a, bari in naɗe tabarmar da abu uku.

Na ɗaya, abin da aka kira na wucin gadi yakan daɗe fiye da yadda aka zata. Motar da aka ƙera domin koyo a 1934 ita aka tura matasa su mutu a cikinta a 1939 da 1941. Duk ma'aikacin da zai sa hannu a takardar da ta ce a yi maneji da wannan kafin na gaske ya iso, ya fara tambayar kansa abin da zai faru in na gasken bai iso ba.

Na biyu, tsari da sadarwa da horo sun fi tsadar kayan aiki tasiri. Faransa ta sayi ƙarfe mai kauri, ba ta tsara yadda masu shi za su ji maganar juna ba.

Na uku, nasara takan ɓoye aibi. Abin da ya yi aiki a kan kyawawan hanyoyin Faransa, cikin tafiyar kilomita ɗari uku ko huɗu, an ɗauka zai yi aiki ko'ina, ba a saurari darasin Sifen da na Warso ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, wanda ya ƙi kuwa fage ya kore shi.

Bayan waɗannan duka akwai tambayar da injiniya ba ya amsa ta, watau domin me aka ƙera abin. Gwanintar da muka yi bayani an fara ta da ƙarya a takardun hukuma, aka yi amfani da ita wajen zalunci. Polan ta rasa mutum kimanin miliyan 6, Tarayyar Sobiyet kimanin miliyan 27, Jamus ita kanta ta wayi gari a 1945 biranenta kango. Ku ɗalibai da za ku riƙi ofisoshi gobe, ina roƙonku ku nemi ƙwarewa iyakar ƙoƙarinku, ku kuma riƙa tambayar wa ƙwarewar take yi wa aiki.